Hanyar da Gidan Tokiwa Bai Gani Ba

Kamijo mai gyaran keke ya murza tayar baya, ya kasa kunne, sannan ya matse birki. Tayar ta tsaya cak.

"Wannan birkin ba na zuwa cefane ba ne," ya ce. "Ina kika saba hawa?"

"Yamanashi," in ji Mifuyu. "Can nake gangaren dutse tun ina budurwa. Tun da na tare a nan ban ga hanya ko ɗaya ba. Ina ake hawa a garin nan?"

Ba yau ta fara wannan tambayar ba. A ofishin gari an nuna mata titin bakin kogi, inda tsofaffi ke yawo da karnuka. Ta bincika a waya, babu komai. Amma a bangon shagon kekuna uku ne rataye, laka ba ta gama bushewa a tayoyinsu ba.

Wani dattijo na zaune a kan akwati yana shan kofi na cikin gwangwani. Genzo ne, direban bas mai ritaya. Ya dubi keken, ya dubi mai shagon.

"Kamijo, ga wadda za ta koya maka hawa. Kai da kake faɗuwa a kan kwalta."

"Rufa mana baki, Gen-san. Wa aka tsamo daga rafi bara, ƙafa a sama?"

"Wanka na tsaya yi."

Mifuyu ta yi dariya, har ta ji baƙuntar muryarta. Kamijo ya sauke keken daga maratayi, ya rage murya.

"A nan ba ma sa hanya a waya. Mutum yakan zo aikin gyara da fartanya, a san fuskarsa, sannan a kai shi. Ranar Lahadi muna da aiki. A wane gida kike?"

"Gidan Tokiwa, na gindin dutse. Ni ce matar Shunpei."

Genzo ya ajiye gwangwaninsa a ƙasa. Kamijo ya ɗauki tsumma ya shiga goge hannun da ba shi da datti.

"Ashe surukar gidan ce. Ya ƙafar Mama?"

"Da sauƙi. Ƙarfe nawa ranar Lahadin?"

"Aikin share magudana ne, ba na mata ba. Gaskiya a nan ba mu da hanyar dutse. Bakin kogi ma yana da daɗi."

Ya riƙe mata ƙofa har ta fita.

Da damina ta tsaya ne uwar mijinta ta faɗi ta karye a ƙugu. Shunpei yana aiki a Nagoya, sai Asabar yake zuwa. Mifuyu ta ajiye aikinta na kantin magani ta dawo ƙauyen. Tana dafa abinci mai laushi, tana ɗaga tsohuwa tana kwantarwa, tana gaida maƙwabtan da suka san sunan gidan amma ba su riƙe nata ba. Talata da Juma'a motar gidan kula da tsofaffi takan ɗauki tsohuwar da safe ta dawo da ita da la'asar. Wannan tsakanin ne kaɗai nata. Cikin kayan da ta taho da su, keken ne kaɗai ba ya yi wa kowa amfani sai ita.

Da ta bar shagon ba ta nufi gida ba. Ta bi titin motocin katako da ya kewaya bayan dutsen, ta taka inda za ta iya, ta tura inda ba za ta iya ba. Kusa da ƙololuwa, a bayan wani tulin itacen da aka sare, ta ga rassa an jera su a tsare, irin jerin da iska ba ta yi. Ta ɗaga su.

Hanyar ba ta fi faɗin kafaɗa ba. Ta sulale tsakanin itatuwa, ta yi kwana a kan gaɓar da aka daddaɓe da hannu, ta tsallake saiwa, ta ɓace. An yi wa ruwa mafita a gefe. Wanda ya gina ta ya san aikinsa. Mifuyu ta rage tsayin sirdi, ta ɗaura hular kwano.

Ƙarar mota ta tsayar da ita. Wata 'yar farar a-kori-kura ta tsaya a titin, Genzo ya fito yana haki kamar shi ya turo ta.

"Na ce wa Kamijo wannan ba gida za ta ba. Mifuyu-san, don Allah dakata."

Karon farko ke nan da wani a garin ya kira sunanta.

"Kun ce babu hanya."

"Babu. Kin san dutsen wa kike tsaye a kai?"

Ta girgiza kai.

"Naku ne. Daga wancan rafin har bayan gidanku, na Tokiwa ne." Ya share goshi. "Shekarun baya wani ya zo daga birni ya karya wuya a dutsen wasu. Taron gari ya yanke cewa duk mai dutsen da ya san ana hawa a nasa, dole ya kawo maganar gaban taro. Duk wanda ya kawo kuma, an rufe hanyar. Wanda bai gani ba, ba a tambayarsa."

"Mama ta sani?"

"Mama ba ta ga komai ba. Ƙafarta ba ta hawa dutse. Mu ma ba mu san wa yake kwashe mata ƙanƙara a ƙofar gida duk hunturu ba."

"To ni ma ban gani ba. In hau, in yi shiru."

"A bayan madafarku hanyar take fita, 'yata. Matar Hori maƙwabcinku tana shanya a wajen. Kafin ki kwance hular nan gari ya ji surukar Tokiwa ta gangaro daga dutsen Tokiwa. Daga nan wa zai ce gidan bai sani ba? Mama za ta sa a kai ta taro a keken guragu ta faɗa da bakinta. Kin san ta."

Ta san ta.

"Wata hanyar fa? Ko mai nisa ce."

"A da uku ne. Ɗaya an sare dajin an shimfiɗa farantan sola. Ɗaya ƙasa ta zaftare da ita. Wannan ce ta rage mana. Mu tara ne, ƙaraminmu ya fara furfura."

"Har zuwa yaushe?"

Genzo ya dubi takalmansa. Ba a buƙatar faɗa. Ranar da tsohuwa ta rasu, dutsen zai zama na Shunpei, ita kuma ta zama uwar gidan, abin da ta gani gidan ne ya gani.

Ya cire hularsa, ya haɗa ƙafafu, ya rusuna har ta ga tsakar kansa. Ya girmi mahaifinta. Bai ɗago ba. Mifuyu ta dubi kwanar farko. Tana ganin inda za ta saki birki, da inda za ta kwantar da keken. Babu abin da ke tsakaninta da wurin sai tsawon keke biyu.

"Ɗago, Gen-san," ta ce. "Kar bayanka ya riƙe, a ce ni ce."

Tare suka mayar da rassan. Ya ce ta kawo keken ya sa a bayan mota, ta ce a'a. Ta gangaro ta titin motocin katako, yatsu a kan birki tun daga sama har ƙasa.

Ta wanke keken, ta kai shi rumfar ajiya, ta ɗora ruwan shayi. Da la'asar motar ta dawo da tsohuwa. Mifuyu ta taro ta a ƙofa, ta cire mata takalma, ta zaunar da ita kusa da tagar madafa, inda rana ke shigowa.

"An ce an gan ki da keke a gari," in ji tsohuwar.

"Gyara na kai shi, Mama."

"Ya gyaru?"

"Ya gyaru."

Tsohuwar ta kurɓi shayi. Daga cikin itatuwan bayan gida aka ji kukan birki, sai ƙarar taya a kan tsakuwa, sai wani ya yi ihun murna wani ya ce masa ya yi shiru. Tsohuwar ba ta juya ba.

"Bareyi sun yi yawa bana," ta ce. "Rufe mana tagar nan, Mifuyu-san."

Mifuyu ta tashi ta rufe.