Gora Mai Baƙin Ƙyalle

"Me kika sha?" Maman Lele ta tambaya tana juya kofin roba a hannunta. Babu komai a ciki sai ɗigo.

"Ruwa," in ji Lele. Ta goge baki da bayan hannu, ta koma kan 'yartsanarta.

Ba don Iya ta shigo daidai lokacin ba, da maganar ta ƙare a nan. Tsohuwar ta ajiye kwandon cefane, ta dubi kantar da ke bayan ƙofar kicin, ta gan ta fayau, an share har an goge.

"Ina gorunana?"

Iya uwar mijin Maman Lele ce, kuma tun da ta dawo zama da su, da wuya wani abu ya fita daga gidan nan da sunan shara. Gwangwanin madara ya zama mazubin gishiri, tsohuwar taya ta zama kujera, guntayen sabulu a tara su cikin safa a yi wanke-wanke. Gorunan lemo kuwa wanke su take ta jera a kanta, kowace da ƙyalle ɗaure a wuya. Baban Lele har tsokanarta yake yi, wai ranar da ya tsufa ba za ta bari a yar da shi ba, madogarar ƙofa za ta yi da shi. Maman Lele takan yi dariya, amma ta ciki na ciki. Ɗaki biyu ne da kicin, kuma ta gaji da kunyar baƙi. Yau da tsohuwar ta fita kasuwa sai ga mai jari-bola da kurarsa yana kiran robobi, faɗuwa ta zo daidai da zama. Ta kwashe na sama da na ƙasa ta cusa a buhu, mutumin na tsaye a ƙofa yana cewa ta yi sauri.

"Na ba mai kura, Iya. Kyankyasai ne suka dame mu."

"Har da ruwan ciki?"

"Guda ɗaya na ji da ruwa, na juye miki a kofi. Na san dafaffen ruwanki ne na shan magani. Lele ce ma ta shanye yanzu."

Iya ta dafa bango. Ba ta ɗaga murya ba, kuma rashin ɗaga muryar ne ya tsorata Maman Lele.

"Biyu ne masu ruwa. Mai farin ƙyalle ita ce ta shan maganina. Mai baƙin ƙyalle maganin ɓera ne na dama, shi ya sa na ɗora ta can sama. Wacce kika juye?"

Maman Lele ta juya ta dubi kantar. Kullum sai ta wuce kantar nan sau ba adadi, amma ba ta taɓa tsayawa ta dubi ƙyallayen ba. A wurinta duk tsumma ne. Ta kai kofin hanci, babu wari. Ta dubi 'yarta, yarinya tana ta yi wa 'yartsana waƙa. Sai ta sure ta, ko takalmi ba ta sa mata ba.

A asibiti Baban Lele ya same su, da kayan aiki a jikinsa. Likitar, wata doguwar mace mai ƙarancin magana, ta duba bakin Lele da idanunta, ta tambayi sunan maganin. Iya ta ce gari ne ta saya ƙulle a takarda wajen mai talla, babu rubutu.

"Yanzu dai ban ga komai ba," in ji likitar. "Amma wani maganin ba ya nuna kansa da wuri, sai ya gama ɓarna a ciki. Za mu riƙe ta mu ɗebi jini. In za ku iya samo gorar, ku samo. Ina so in san ko ta sha, in kuma ta sha, me ta sha."

Baban Lele ya juyo, idanunsa sun kaɗa. "Wai wa ya zuba shi a kofi?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maman Lele ta ja numfashi za ta amsa, sai Iya ta riga ta.

"Wa ya zuba guba a gorar lemo, shi za ka tambaya, kuma ga ni. Riƙe 'yarka, mu za mu je mu dawo."

Suka shiga tasi. Maman Lele ta so a ce tsohuwar ta zage ta, ko ta ce ai ga irinta nan, da ta sami sauƙi. Iya kuwa ta ƙura wa titi ido, leɓunanta suna motsi. Sai da suka kusa sauka ta yi magana.

"Wadda kika juye, kin mayar mata da murfi?"

"A'a. A kwandon shara na jefa shi."

"To, marar murfi ita Lele ta sha."

Mai shagon kan kwana ne ya kwatanta musu inda masu kura suke sauke kaya, wani fili bayan tashar mota da aka kewaye da tsofaffin kwanon rufi. Suna shiga Maman Lele ta bi filin da kallo. Ƙarafa a gefe, kwalaye a gefe, a tsakiya kuma tsibin goruna ya fi tsayin mutum. Ta hango mai kurar yana wanke fuska da buta a bakin randa.

"Malam, buhun da na ba ka ɗazu."

"Hajiya, ai ciniki ya faɗa."

"Ba ciniki na zo warwarewa ba. 'Yata ce a asibiti."

Da ya ji bayani sai ya yar da butar. Ya ce ya riga ya zazzage, ya nuna ɓangaren da ke kusa da sikeli, amma bayansa wasu kuraye sun zuba nasu a kai. Mai wajen, wani ƙaton mutum da tawul a wuya, ya girgiza kai.

"Allura cikin ruwa ke nan. Ku duba, amma ku hanzarta. An jima masu sayen na wankewa za su zo, su kuma ba sa jira."

"Me suke yi da su?" in ji Iya.

"Me kuwa? Su ɗauraye su zuba abin sha su sayar."

Iya ta ɗaure gyalenta a ƙugu ta durƙusa, gwiwoyinta suna ƙara. Maman Lele ta durƙusa a gefenta, mai kurar ya hau sama yana turo musu. Rana ta take, robobin sun yi zafi, wasu da ragowar lemo mai ɗanko, ƙudaje sun yi dandazo. Maman Lele, wadda ko bokitin shara ba ta ɗauka sai da leda a hannu, ta tura hannuwanta har gwiwa. Duk gorar da ta ɗago wuyanta take fara dubawa. Ashe duk iri ɗaya ne, in ba ƙyallen ba babu mai raba su.

Wayarta ta yi ƙara. Baban Lele ne.

"Ta ce cikinta yana ciwo. Ban sani ba ko yunwa ce. Kun samu?"

"Muna dubawa."

"Ki yi sauri, don Allah."

Ta mayar da wayar. Tsoro ya cika ta, irin wanda ba ya barin hawaye su fito. Can sai ga wata mai jan ƙyalle, ta ɗago ta da sauri.

"Ta kananzir ce," in ji Iya ba tare da ta tsaya ba. "Amma mun iso kan namu. Tona nan."

Sai ga koriya, Iya ta ce ta sabulun ruwa ce. Sai ga mai shuɗi, ta man gyaran keken ɗinki. Ɗaya bayan ɗaya kayan kantar suna fitowa, tsohuwar tana kiran kowace kamar mai kiran awakinta. Wani tsinken waya ya yanki Maman Lele a yatsa, ba ta ma ji ba sai da ta ga jini a jikin roba. Ta ɗaga wata matsattsiyar jarka, a ƙarƙashinta ga gora kwance, bakinta a buɗe, da ƙyalle a wuya wanda ƙura ta ɓata. Ta kasa taɓawa.

Iya ta miƙa hannu ta ɗauka. Ta tofa yawu a yatsa ta murza ƙyallen, ta ɗaga shi sama saitin rana.

"Fari ne. Gefen tsohon ɗankwalina ne, ga ɗinkin."

"Iya, kin tabbata?"

"Ni na ɗaura shi."

Maman Lele ta zauna daɓas a kan robobin, sai a lokacin kukan ya zo. Ta kira mijinta, da ƙyar ta iya haɗa maganar. Ta ji shi yana gaya wa likita, ta ji muryar Lele a bayansa tana cewa ita biskit take so. Ya ce likita ta ce duk da haka za su ɗan ƙara riƙe ta, kuma yarinyar tana ta kiran mamanta.

Ta miƙe tana karkaɗe zani. "Iya, tashi mu tafi."

Tsohuwar ba ta ɗago ba, hannunta yana cikin tsibin. "Je ki wajen 'yarki. Ni da saura."

"Ai an samu."

"An samu ɗaya."

Maman Lele ta nufi ƙofa da gorar a hannu. Jikinta duk yana wajen Lele, so take kawai ta rungume ta ta shinshina wuyanta. A bakin ƙofar ta yi kaciɓis da mata suna shigowa da manyan bahuna a ka. Ta gaba da goyo a bayanta, ta sauke bahonta a ɗaya gefen tsibin ta fara tsinta, tana zaɓen masu murfi, don su ne masu kyau. Ko dubawa ba ta yi, jefawa kawai take.

Ga tasi can a bakin titi, direban yana yi mata alama da hannu. Maman Lele ta dube shi, ta waiwaya ta dubi bayan Iya da ya jiƙe sharkaf da gumi. Ta girgiza wa direban kai. Ta je ta riƙe hannun mai goyon, ta roƙe su su dakata, ta gaya musu dalili. Sannan ta dawo ta durƙusa inda ta tashi.

"Iya, baƙin nan, baƙi ƙirin ne ko mai ratsi?"

"Mai ratsi. Daga wandon marigayi na yanka."

Ta naɗe hannun riga, ta ci gaba da tonawa.