Waƙafin Sama

Akwatin rubuta suna ya sake yin ja.

Malama ba ta iya ganin rubutun, amma ja tana ganinsa har yanzu, dishi-dishi, kamar ta bayan labule. Ta matso da fuskarta har numfashinta ya taɓa gilashin kwamfutar.

"Me ya ce kuma, Auta?"

"Abin da ya ce ɗazu, Umma. Wai haruffa kaɗai ake karɓa a wannan gurbi."

"To ni duwatsu na ba shi?"

Auta ba ta yi dariya ba. Likitocin ido ne za su zo babban asibiti su cire wa mutane yanar ido kyauta. Ta intanet kaɗai ake rajista, kuma ranar Juma'a da azahar za a rufe. Idon Malama na hagu ya tafi tun bara, na dama yana bin sahu.

Sunanta ne matsalar. A tsakiyarsa akwai ɗan waƙafin sama, inda maƙogwaro yake tsayawa kafin ya ci gaba. In an rubuta da shi, fom ɗin ya ce ba harafi ba ne. In an cire shi, shafi na gaba ya ce sunan bai dace da na katin shaida ba.

"Wane ɗan banza ne ya tsara wannan abu?"

Auta ta dubi hannuwanta.

"Ni ce, Umma. Kamfaninmu aka ba aikin."

Malama ta koma ta jingina. Shekara talatin da ɗaya tana koyar da rubutu, tana zagaye wannan waƙafi da jan biro a littattafan 'ya'yan mutane. Na wannan yarinyar ma ta zagaye.

"Saboda ɓarayin bayanai ne," in ji Auta a hankali. "Da waƙafin suke rufe suna, sai su liƙa umarni a bayansa, na'ura ta ɗauka mu ne muka ba ta. Akwai hanyar da ake koya mata cewa duk abin da aka rubuta a gurbin suna, suna ne kawai. Aikin kwana biyu ne. Oga ya ce babu lokaci, a tare waƙafin tun daga ƙofa."

"Aka tare ɓarawo."

"Eh."

"Da ni."

* * *

Washegari Auta ta tsaya a gaban teburin Oga da takarda a hannu. Yana cin gyaɗa yana duba waya.

"Yallaɓai, na duba bayanan na'ura. Sau dubu da wani abu aka mayar da mutane a gurbin suna. Yawancinsu mata ne, tsofaffi."

"Guraben sun kusa cika?"

"Sun kusa."

"To ai fom yana aiki ke nan." Ya kaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa. "Asibiti ya sa hannu a kan wannan tsari. Ba mai taɓa komai sai an rufe. In abu ya lalace gobe, sunanki za a kira ko nawa?"

"Mahaifiyata tana ciki."

"Allah sarki. Ki kai ta asibitin mana, su yi mata da hannu."

Ta kai ta. Sun yi awa uku a kan benci, ƙarƙashin fanka mai juyawa ba iska. Da layi ya zo kansu, ma'aikacin da ke bayan taga ya karɓi katin, ya buɗe kwamfutarsa. Fom ɗin ne dai. Auta ta gane shi tun daga launin gefensa.

"Hajiya, ya ƙi," in ji shi. "Sai dai ki je a canza miki kati."

"Kwana nawa ake yi?"

"Wata uku, in an yi sa'a."

"Sa'ar ma ai da waƙafi ake rubuta ta," in ji Malama.

Bai gane ba. Ya riga ya miƙa hannu ga na bayanta.

A bakin ƙofa suka ci karo da maƙwabciyarsu mai ɗinki, tana ta fifita da takardar shaidar rajista. Sunansu ɗaya da Malama.

"Takwara! Kin samu? Ni bugu ɗaya ya karɓa."

Auta ta karɓi katin maƙwabciyar ta duba. Wanda ya buga shi tun shekarun baya ya manta da waƙafin, ita kuma ba ta taɓa lura ba. Malama kuwa ta tuna ranar da aka yi nata. Sau biyu ta mayar da shi, ta tsaya a kan ma'aikacin da lema a hannu sai da ya gyara. Ta dawo gida ranar tana ba mijinta labari, Allah ya jiƙansa, yana ta dariya.

"Allah ya sa a yi a sa'a, takwara," in ji Malama.

* * *

Ranar Litinin Oga ya ce a gyara. Ranar Laraba da yamma Auta ta dawo, ta ajiye kwamfutar a kan tabarma, ta rubuta sunan cikakke, har da waƙafinsa. Akwatin ya yi kore. A ƙasansa aka rubuta cewa an rufe rajista, sai wata shekara.

"Ya karɓa?"

"Ya karɓa, Umma."

"Wane launi ne?"

"Kore."

Malama ta duba. Ba ta ga komai ba sai haske.

"Madalla. Miƙo min biro da wata takarda."

Auta ta miƙa mata bayan ambulan. Malama ta ɗora a gwiwa, ta fara rubuta sunanta da manyan haruffa, tana lalube. A tsakiya hannun ya tsaya da kansa, ya ɗaga sama kaɗan, kamar yadda ya saba. Ta jira shi ya sauko. Sannan ta ci gaba ba tare da ta ɗiga waƙafin ba, ta koma farkon layi, ta sake gwadawa.