Inda Man Atu Yake Tafiya

Ladan ya zaro sandar daga tankin mota, ya karkata ta wajen hasken rana. Reshen geza ne da ya yi wa tsaga-tsaga da wuƙa, kowace tsaga galan guda. Danshin fetur ya tsaya cif a tsaga ta tara.

"Tara, Malam," in ji shi.

Malam Sambo ya karɓi sandar ya duba da idonsa. Shi ne sabon malamin dabbobi da aka turo Tambuwal bayan tafiyar Baturen da yake riƙe da ofishin, saurayi mai agogon hannu, ko shekara bai cika a bakin aiki ba. Ya rufe tankin da kansa, ya ɗaure murfin da zare, ya ɗiga masa jan kakin nan da ake liƙe wasiƙa da shi.

"Baba Ladan, ka ji abin da takarda ta ce. Daga nan zuwa Kebbe galan biyu da rabi ne. Motarka garwa guda take sha, galan huɗu cur. In yau ma haka ta yi, Sakkwato za a kai ta a yi gwanjonta."

"Ni fa?"

Sambo ya duba agogonsa. "Takarda ba ta yi maganarka ba."

Ladan ya gane. Ofishin ba shi da wata mota, direba kuwa ba ya tuƙa jaki. Ya kuma san abin da jan kakin yake nufi. An daɗe ana raɗe-raɗin yana tsiyayar mai yana sayarwa, alhali ko na fitila bai taɓa ɗiba ba.

Motar tsohuwar jif ce, ragowar soja, mai rufin tamfol da faci bakwai. Ladan yana kiranta Atu. Akwai wani ƙadangare mai wutsiya biyu da ya tare a ƙarƙashin kujerarta tun damina uku da suka wuce, ya sha zuwa Kebbe ya dawo bai taɓa sauka ba. Ladan ya jima yana nazarin shan man Atu. Ya taɓa zargin ranar Talata. Ya taɓa zargin maƙabartar da hanya ta ratsa ta gefenta. Wata shekara ya yi tsammanin tana jin ƙishirwa ne irin ta raƙumi, tana ɓoye wani a cikinta don gaba. Bai faɗa wa kowa ba, don a Tambuwal babu wanda yake zama da shi. Shi mutumin Jabo ne, matarsa Nana ta rasu, 'yarsa Mardiya tana aure can Gusau. Ɗakinsa guda a bayan ofis, da buta da tabarma.

Kullum a kan gangaren bayan ofis yake ajiye motar, da dutse a gaban taya. Sitata, na'urar tada inji, ta mutu tuntuni. Akwai lanƙwasasshen ƙarfen da ake zurawa ta hancin mota a murɗa har inji ya kama, amma shi ne ya taɓa dawowa da baya ya karya masa kafaɗar dama, mai ɗori kuma ya ɗora ta a karkace. Tun daga ranar ƙarfen yake kwance a bayan kujera. Ladan ya janye dutsen, ya yi bisimilla, ya hau. Atu ta gangara shiru, ya saki kuloci, ta yi tari sau biyu ta kama.

Kaka ce, an yanke gero an jera dammuna a gonaki, dawa na tsaye tana jiran lokacinta. Suka bar gari suka shiga rairayi, akwatunan allurar shanu suna ƙwanƙwasar juna a baya. Sambo ya ɗora littafinsa a cinya.

A mashayar farko, ƙafar Ladan ta tafi kan birki ita kaɗai. Wata tsohuwar Bafillata mai suna Inno tana zaune da ƙwaryar nono, ta taso tana gyara zane.

"Me ya faru?" in ji Sambo.

"Gaisawa za mu yi."

Suka gaisa. Ina kwana, ina gajiya, yaya shanu, yaya ƙafar da ta ce tana ciwo, yaya jikanta da ya tafi mashekari, an ji labarinsa? Ita ma ta tambayi Mardiya, ta tambayi kafaɗa, ta tambayi ƙadangare. Sai ihu suke yi wa juna, don injin Atu yana ta ruri, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana bin ƙasa yana shiga cikin sabara. Sambo ya duba agogo, ya duba bututun hayaƙi, ya sake duba agogo.

Da suka tashi ya ce, "Minti goma sha takwas. Baba, don me ba ka kashe ta ba?"

"Ba a kashe ta bisa hanya, Malam. Baturen da ya koya man tuƙi shi ya ce, tada mota ya fi barin ta kunne shan mai. Da bakinai ya faɗi."

"Yana nufin in tsayawar ɗan lokaci ce, kamar a ba shanu hanya."

"Bai faɗi tsawon lokaci ba."

Sambo ya yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. "Wuri nawa kake tsayawa kafin Kebbe?"

Ladan ya shiga lissafawa da yatsu a kan sitiyari. Inno. Namadi maƙeri. Masu rijiya. Liman na ƙauyen kuka biyu, shi sai an shiga zaure. Rugar Maccido, wadda sai an ratse daga hanya kaɗan. Bube makaho a gindin tsamiya. Ya kai goma sha ɗaya.

"In azahar ta same ka fa?"

"Sai in yi salla."

"Tana kunne?"

"Tana jira na."

Sambo ya rufe littafinsa. "Daga nan ba tsayawa sai Kebbe. Ko wa ka gani, ɗaga masa hannu."

Namadi ya jiyo su tun daga nesa, ya fito bakin maƙera da awartaki a hannu, bakinsa a buɗe da fara'a. Ladan ya ɗaga hannu ya wuce. A madubi ya ga maƙerin yana tsaye a tsakiyar hanya yana ƙara ƙanƙancewa. Masu rijiya suka saki guga suka juyo. Liman ya riga ya sa an shimfiɗa tabarma. Ladan ya kafa ido a kan sawun taya, ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

Tsamiyar Bube tana wani fili ne shimfiɗaɗɗe, rairayi zalla. Tsohon makiyayi ne, ciwon ido ya cinye masa gani, shanunsa suka koma hannun 'ya'yan ƙannensa. Kullum da safe a kawo shi gindin itacen, da yamma a zo a ɗauke shi. Ya san ƙarar Atu tun tana mil guda. Yau ma ya miƙe, ya dogara sanda, ya miƙo hannun dama wajen da tagar direba ta saba tsayawa. Ɗaga hannu ba ya yi wa makaho amfani. Ladan ya ɗaga duk da haka. Ƙura ta rufe tsohon, hannunsa yana nan a miƙe.

Suka isa Kebbe hantsi bai gama ɗagawa ba. Ladan bai taɓa ganin garin da wannan hasken ba, kullum sai bayan azahar yake shigowa. Ya tsayar da mota a kan tudun da ke gangarawa kasuwa, ya kashe ta, ya sa dutse. Sambo ya fasa kakin, ya zura sandar da kansa, ya zaro.

"Bakwai saura kaɗan. Galan biyu da ɗan ɗori ta sha." Ya miƙa wa Ladan sandar. "Motarka tsohuwa ce, tana sha, amma ba ta wuce ƙa'ida ba. Kai kuma ba ɓarawo ba ne, zan rubuta haka da hannuna. Gaisuwa ce take shanye man gwamnati."

Ladan ya daɗe yana kallon danshin da ke jikin sandar har ya bushe. Shekara takwas yana zargin Talata.

"To ba za a kai ta ba?"

"Ba za a kai ta ba. Amma daga yau galan biyar za a riƙa zuba maka, zuwa da dawowa, ko cokali ba ƙari. Ranar da ta wuce haka, ba ni da abin da zan faɗa wa Sakkwato." Sambo ya sassauta murya. "Baba, zamani ya sake. Ƙasa tamu ce yanzu, man ma namu ne."

"Haka ne, Malam."

Sambo zai kwana uku a Kebbe wajen allura. Aka sauke akwatuna, Ladan ya yi azahar a masallacin kasuwa, ya sayi goro na kwabo, ya janye dutse ya kama hanya shi kaɗai.

Ya yi murna, ya gaya wa kansa ya yi murna. Ya shafa gaban motar ya ce mata ta tsira. Ƙadangaren ya leƙo ya koma. Amma hanya ta yi masa wani irin tsawo, ko da yake gudu yake yi fiye da kullum. Ya tuna ɗakin bayan ofis. Zai isa tun rana na sama, ya zauna a tabarma, ya jira magariba, babu wanda zai tambaye shi kafaɗa. Ya fara lissafin yadda mako zai kasance, da wata, da shekara, yana wucewa yana ɗaga hannu kamar ɗan siyasa.

Ya hango tsamiyar. Bube yana zaune, ya jingina da itacen. Ya ji motar sarai, don kansa ya juyo, amma bai tashi ba.

Ladan ya dubi filin. Babu gangara ko ta taku ɗaya, rairayi kuma mai zurfi, ko mutum biyar ba za su tura mota a cikinsa ba. Ya taka birki. Atu ta tsaya tana ruri, tana kaɗa tamfol, tana sha. Ya kai hannu kan makulli, ya bar shi a nan ɗan lokaci, sannan ya murɗa.

Shirun ya ba shi mamaki. Ashe akwai kurciyoyi a tsamiyar nan. Ashe daga nan ana jin sakwannin mata a wani ƙauye da bai san da shi ba. Injin yana ɗan ƙyas-ƙyas yana hucewa.

Ya sauka ya yi sallama.

Bube ya amsa, ya karkata kai. "Wane ne?"

"Ni ne, Ladan."

"Wane Ladan? Ladan mai mota ihu shika yi."

"Ni ne dai, Baffa."

"Matso." Tsohon ya laluba ya kama hannunsa, ya bi shi da yatsu har kafaɗa, ya taɓa ƙashin da ya karkace. "Kai ne. Ashe haka muryarka take, 'yar siririya kamar ta mai jego. Shekara nawa muna gaisawa ban taɓa jin ta ba." Ya saki hannun. "Da safe ka ba ni ƙura na ci, Kaɗo. Na ce ko ka zama Bature."

"Aiki ne. An auna ta."

"Mi anka auna?"

Ladan ya zauna a kan saiwar tsamiya, ya ɓare goro ya ba shi rabi, ya ba shi labarin sanda da kaki da galan biyar. Bube yana tauna yana gyaɗa kai.

"To ni galan nawa nika sha?"

"Kai da Liman kun fi kowa."

Tsohon ya yi dariya har ya ƙware. Da ya natsa sai ya kasa kunne wajen motar. "Yanzu da ka kashe ta, wa za ya tashe ta? Ni dai ba ni gani, kai kuma hannu guda gare ka."

Ladan ya tashi ya je bayan kujera, ya jawo ƙarfen. Ya yi tsatsa, gizo-gizo ya yi saƙa a lanƙwasarsa. Ya jinjina shi da hannun dama, zafi ya harba masa har wuya. Ya mayar da shi hannun hagu, ya gwada murɗa iska sau ɗaya, sau biyu. Wuri goma sha ɗaya ne, zuwa da dawowa, a kowanne sai ya kashe ta ya tashe ta da hannu. Ya jingina ƙarfen a jikin taya, ya dubi rana, da sauranta.

"Ni zan tashe ta," in ji shi. Ya dawo ya zauna a kan saiwar. "Amma ba mu gaisa ba tukuna."

Bube ya gyara zama, ya ɗora sanda a cinya.

"To," ya ce a hankali. "Ina gajiya?"