Mariƙin Keken Malam

Keken guragu ba ya dawowa wurinmu da labari mai daɗi. Ƙungiyarmu aro take bayarwa, kuma duk keken da ka ga an turo ba kowa a ciki, to mai shi ya riga mu gidan gaskiya. Ni ne mai gyara a rumfar bayan ofis, kuma ina da ƙa'ida ɗaya wadda ko shugabar ƙungiya ba ta isa ta sa ni karyawa ba. Kafin keke ya koma hannun wani, sai na cire soson zama, na kwance tsummokaran da aka ɗaɗɗaura, na yanke robar mariƙi na sa sabuwa. Soso yana riƙe siffar mutum, ni kuwa ba na son mai rai ya zauna a ramin da mamaci ya bari.

Yawanci 'ya'ya ko maƙwabta ke dawo da keke, su jingine shi a bakin ƙofa su juya kamar an kore su. Wannan kuwa matar mai shi ce ta turo shi da kanta, wata tsohuwa 'yar firit, tana tafe tana kauce wa ramuka. Da ta iso dakalin rumfa sai na ji ta ce, "Ɗaga ƙafa, Malam." Na leƙa cikin keken, ba kowa sai ramin soso.

Na yi mata ta'aziyya, na ce, "Iya, bar shi nan kawai."

"Zan bari, ɗana. Amma ka yi a hankali, yana da nauyi."

Na yi murmushi a raina, don a ɗaga kekuna gashina ya yi fari. Da na zo ɗora shi kan teburi sai da na yi nishi. Na ce wa kaina tsatsa ce.

Washegari ga ta kuma, tana dafa bango tana jan ƙafa. Ba ta tsaya daidai ba sai da ta kama mariƙin keken, nan take bayanta ya miƙe. A nan na gane. Shekara da shekaru tana tura mijinta, har ƙafafunta sun manta yadda ake tafiya ba keke a gaba. Robar mariƙin ta lotsa daidai yatsunta, na hagu ya fi zurfi. Tun daga ranar kullum sai ta zo, ta zauna kan bencina, ta ba keken labarin wanda ta gani a hanya.

Ga shi kuma keken yana da mai jira. Wata yarinya ce da ake ce wa Aku saboda surutu. Uwarta wankau take yi, ita ke goya ta zuwa makaranta, yarinyar kuwa ta girma har ƙafafunta na jan ƙasa. Gadon bayan uwar ya fara gazawa, kuma idan ya gaza karatu ya ƙare ke nan. Duk ranar da suka biyo sai Aku ta leƙo daga goyo ta ce, "Baba mai gyara, kekena ya dahu ko har yanzu yana kan wuta?"

Na canza soso, na sa sababbin tayu, na cika ƙafar keken ta hagu da giris amma ba ta daina kuka ba. Mariƙi kaɗai ya rage. Duk sanda na ɗauki wuƙa sai na tarar da idon tsohuwar a kaina, ba ta cewa uffan. Wallahi haushinta na riƙa ji. Da ta yi roƙo ko ta yi faɗa da na san abin yi, amma yaya za ka yi da mai kallo kawai? Shugaba tana ta aiko mini cewa wai ko keken ƙera shi nake daga farko.

Ranar miƙawa uwar ta sauke Aku cikin keken. Yarinyar ta juya taya, ta zagaya rumfa tana ihu, har ta ture mini gwangwanin kusoshi. Uwar ce ba ta yi dariya ba. Ta ce makarantar tana kan tudu, hannun yarinya ba zai iya hawa ba, ita kuma da sassafe take bin gidaje karɓar wanki.

Tsohuwar ta tashi daga benci ba ta dafa komai ba, ta sa yatsunta a gurbinsu kan mariƙin keken.

"Ɗaga ƙafa," in ji ta, da suka zo dakali.

"Iya, ai ba sa ɗaguwa."

"Nasa ma ba sa ɗaguwa, jikata. Faɗa kawai nake yi."

Haka keken ya fita da tsohuwar roba, karo na farko tun da na kama aikin nan. Kullum da safe sai na jiyo kukan ƙafar hagu kafin na gan su, Aku na zuba, tsohuwa na amsawa, wani lokaci ta ce jikata, wani lokaci ta ce Malam. Yarinyar ba ta taɓa yi mata gyara ba.

Ana nan wata safiya kukan bai wuce ba. Da hantsi maƙwabta suka aiko cewa Iya ta kwanta ba ta tashi ba. Na je jana'iza, na dawo na zauna kan benci a gurbinta, aiki ya gagare ni ranar.

Bayan 'yan makonni sai ga Aku ita kaɗai da kayan makaranta, taya ta yi faci. Na liƙe mata, na buga iska. Sannan idona ya faɗa kan mariƙin. Yanzu kam na mamaci ne, ba ni da sauran uzuri. Na jawo wuƙa.

"Baba, me za ka yi?"

"Sabuwar roba zan sa miki, ja mai kyau."

Na tambaye ta wa ke hawa da ita tudu yanzu, ko uwarta ta bar wankin safe. Ta girgiza kai. Na ɗago na dube ta.

"A ƙasan tudu nakan saki taya," ta ce a hankali. "Sai na ji an tura. Ta hagu ya fi ƙarfi."

Na buɗe baki zan ce mata hannunta ne ya yi ƙwari, amma ta riga ta miƙa hannu baya ta rufe robar da tafinta.

"Don Allah, Baba, bar shi. In ka canza, ba za ta gane wurin sa hannu ba."

Na mayar da wuƙar cikin akwati. Ta juya keken ta nufi ƙofa, da ta zo dakali ta ɗan tsaya, tana saurare.