Kujera ta Goma Sha Huɗu

"Mutum biyu, kujera ɗaya," in ji Morenike, ta ajiye wayarta a teburin Fadeyi. A hoton, wata mata mai ƙaton gwaggwaro da wani fasto suna ɗaga tikiti iri ɗaya na kujera ta goma sha huɗu a motar Ibadan. "Karo na uku ke nan a makon nan, Oga."

Fadeyi ya gyara tabarau. Shekara goma sha biyu da suka wuce ya gina manhajar sayar da tikitin kamfanin motocinsu a wannan ofishi na unguwar Yaba, kuma ya gina ta yadda aka koya masa a jami'a, wato kamar gidan gandu. Kowane abu da ɗakinsa da sirrinsa. Abin Hawa ya haifi Mota, Mota ta haifi Bas, Bas ta haifi Kujera, kowa ya gaji halin na sama. Kujera ita ke tuna ko an saye ta. Wani lokaci takan manta, kuma idan ta manta, Fadeyi kaɗai ya san wane kaka za a je a tambaya. Shi ya sa bara da aka sallami mutum tara, shi ko kallon banza ba a yi masa ba.

Morenike ce sabuwar shugabar sashe, kuma da manufarta ta zo.

"Ki fito fili, Madam. Rushe mini gida za ki yi," in ji Fadeyi.

"Ni injin markaɗe nake so. Ka zuba wake, ƙullu ya fito. Gobe ka zuba wake, ƙullu dai. Ba ya tuna wanda ya zo jiya, ba ya riƙe kowa a zuciya."

"To wa zai tuna an sayi kujera?"

"Ba kowa. Ka miƙa wa injin jerin kujeru da sunan mai saye, ya miƙo maka sabon jeri. Tsohon ba mai taɓa shi."

"Tsarin da ba abin da ke canjawa. Gwamnati kika yi wa aiki a da?"

Ta yi dariya. "Gwada mini a kan kujera kawai, kafin ƙarfe huɗu. In bai yi ba, na bar ka da danginka."

Niyyarsa ita ce ya kasa da gangan. Kasawa ba ta da wuya ga mai digiri biyu. Amma a wurin mai tuwon amala, yana tsakiyar loma, tambayar ta tsaya masa kamar ƙaya a maƙoshi: ta yaya za a sayar da abu ba tare da abin ya sani ba? Ya bar rabin naman, abin da bai taɓa yi ba, ya koma ofis.

Sau uku hannunsa yana gina ɗan ɗakin ɓoye wani abu, sau uku yana gogewa. Abin da a da ya bazu a fayil goma sha bakwai ya dawo layi arba'in. Ƙofa ɗaya tak ta rage, inda sabon jeri ke maye gurbin tsoho, kuma mutum ɗaya take ɗauka a lokaci guda. Ya gwada sayar wa mutum biyu kujera ɗaya, ta ƙi. Ya bi ta bayan gida, ya tarar babu bayan gidan. Sai ya ji kansa yana fito.

Minti huɗu Morenike ta yi tana karantawa.

"Ba ni da tambaya," ta ce. "Kai, wannan ko wanda aka ɗauka jiya zai iya gyara shi."

Yabo take yi, baiwar Allah. Fadeyi ya daina fito. Tun da ya zo kamfanin nan ba a taɓa karanta aikinsa ba a dawo da tambaya ba, kuma tambayoyin nan su ne suka aurar da ƙannensa biyu.

"Sauran fa, Oga? Za su yiwu?"

Amsar da za ta tsare masa teburi tana kan harshensa: nasarar kujera sa'a ce kawai, sauran sai a hankali. Ba wanda ya isa ya ƙaryata shi a ginin nan. Ya dubi allon kwamfutar.

"Direba ne ke damuna," ya ce a ƙarshe. "Halinsa uku tsakanin tashar Ojota da Ibadan. Ina so in ga yadda injin naki zai markaɗa shi."

"Gobe ke nan?"

"Wace gobe? Matsa mini, kin tsaya a kan wayar caji."