Kabarin Editan Kazan

Muttaka ya kashe tasi a ƙofar maƙabartar Shara'i da ke Makka, ya ce wa baƙuwar ta jira a mota, don mata ba sa shiga. Gulnaz ba ta yi musu ba. Ta miƙa masa wayarta, ta roƙe shi da guntun Larabcinta ya ɗauko mata hoton kabarin mahaifinta, ko ta samu abin nuna wa tsohuwarta da ke kwance a birnin Kazan.

Mahaifin nata, Ildar, Musulmi ne ɗan Rasha, editan wata jarida. Rabin rayuwarsa ya tafi wajen buga sunayen mutanen da aka ɗauke daga gidajensu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Aka ce masa ya rubuta cewa da ƙafarsu suka gudu, ya ƙi, aka rufe jaridar. Ya zo Umra ya maƙale a wani ɗaki a unguwar Shisha, ciwon ƙoda na cinsa. Muttaka ne ke kai shi asibiti. Tsoho ne mai gardamar tsiya, ko cewa ka yi gobe za a yi zafi sai ya tambaye ka wa ya gaya maka. Muttaka ya sha ƙulewa da shi, amma ranar da ya rasu har da shi a ɗaukar makara, ya yi kuka kamar ubansa ne.

Yanzu ga shi tsaye cikin rana a tsakiyar maƙabartar. Kaburburan Makka ba a sa musu suna. Dutse nan, dutse can, iya ganinka. Ya san dai kabarin tsohon wajen katanga yake, amma an kawo mutane da yawa bayansa.

Mahadi mai gadi, Bahaushe haifaffen nan, ya ji tausayinsa. "Ya shekh, ɗauki kowanne mana. Kullu wahid, duk ɗaya ne. Ita ina za ta gane?"

Muttaka ya ɗaga wayar ya saita wani kabari. Ya daɗe a haka, gumi na shiga masa ido, sannan ya sauke hannu ya koma mota.

"Ban gane shi ba," ya ce, bai iya duban ta ba. "Yana wajen katanga. Iyakar abin da na sani ke nan."

Ta karɓi wayar ta kifa a cinya. Ta yi kuka mai isarta, shi kuwa ya bar ta.

"Da ka kawo hoton, ni da Mama da mun yarda," ta ce tana share ido. "Baba ne dai da sai ya tambaye ka wa ya gaya maka."

Muttaka ya tayar da mota.