Rawar Da Adel Karlovna Ba Ta Gama Koyarwa Ba

Shekara talatin da ɗaya na yi ina kaɗa fiyano a ɗakin atisayen 'yan rawar bale a Tashkent, kuma doka ɗaya aka kafa mini tun ranar farko: mai kiɗa ba ta tsayawa sai malama ta tafa. Ko yarinya ta zube ƙasa, ko rufi ya rufto, hannunki na kan aiki sai kin ji tafi. Na riƙe dokar nan da haƙorana, har ina alfahari da ita, sakarya da ni.

Malamar da na fi daɗewa da ita Zoya Arkadiyevna ce, 'yar Leningrad, wadda yaƙi ya koro mana tana budurwa. Harshenta ya fi allura tsini, kuma a kan Shahodat ya fi sauka.

"Faransawa suka ba rawar nan ladabi," in ji ta, "Italiyawa suka ba ta ƙafa, mu muka ba ta gadon baya. Ke kuma me kika kawo mata? Kafaɗar gidan biki?"

Shahodat sai ta ƙara kaɗa kafaɗar da gangan, ɗaki ya ɗauki dariya. 'Yar garinmu ce, Margilan, kuma amana ce a hannuna. Ranar da uwarta Tursunoy ta kawo ta makaranta tana shekara goma, ni ta damƙa wa hannunta a bakin ƙofa, don ni kaɗai ta sani a birnin. Ban taɓa haihuwa ba, kuma ina son yarinyar nan fiye da yadda ya kamata.

Su 'yan bale ba a takarda suke ajiye rawa ba. Daga ƙafa zuwa ƙafa take tafiya: wadda ta iya ta koya wa wata, ita ma ta koya wa ta bayanta, in ta mutu da ita shi ke nan ta ɓace. Zoya Arkadiyevna na da wata gajeriyar rawa ta mutum ɗaya da ta gada daga malamarta, Adel Karlovna, wadda ita kuma a wajen Italiyawa ta samo ta tun zamanin sarakuna. A sanyin da aka yi wa Leningrad ƙawanya Adel Karlovna ta koya wa Zoya, su biyu a ɗaki ba wuta, da riguna a kan riguna. Sun kai kashi biyu cikin uku yunwa ta kashe tsohuwar. Takardar kiɗan shafi uku ce, amma rawar a ƙarshen shafi na biyu ta yanke, kuma ba wani mai rai da ya san sauran.

Shahodat na shekara ashirin da huɗu ta nace sai an ba ta rawar. Da kakar kankana suka fara. Malama na zaune a kujera, don gwiwoyinta sun daɗe da ƙarewa, da hannu take nuna abin da ƙafa za ta yi. Kullum in mun zo ƙarshen shafi na biyu sai ta tafa, ni kuma in ɗage hannu.

A mako na uku na fara ganin abin da bai yi mini ba. Garin na tafasa, amma Shahodat ta zo da gyalen ulu ɗaure a ƙugu, tana hura iska a yatsunta. A wajen shan shayi na ga ta lashi yatsa tana tsince ɓurɓushin gurasa daga tebur, ɗaya bayan ɗaya, ita da ta saba watsa wa tattabaru rabin nata.

"Ke 'yar nan, lafiya? Ba a biya ku albashi ba ne?"

"Lafiya lau, Sanobar opa. Ba a zubar da abinci ne kawai."

Ta faɗa ba ko murmushi. Sai a lokacin na tuna rabon da in ji dariyarta an kwana goma.

Na tare malama a matakala. "Zoya Arkadiyevna, a dakata da rawar nan. Yarinyar ba daidai take ba."

"Yanzu ne take daidai. Kin ga bayanta kuwa? Kin ga yadda take ajiye wuya? Ban koya mata wannan ba, ni kaina ban taɓa iyawa ba." Idonta na ƙyalli, abin ya ba ni tsoro. "Ke dai ki kaɗa abinki, Sanobar. Ba a ɗauke ki aikin duba ba."

Ran Laraba da hantsi mu uku ne kawai a ɗakin. Shahodat ta yayyafa wa katakon ƙasa ruwa da buta kamar kullum don kada ya yi santsi, ta ɗaure takalminta, ta tsaya. Na fara. Ban taɓa ganin ƙafa mai sauri irin ta ranar ba, tana taka ƙasa kamar ana yayyafi a kwano. Muka gama shafi na ɗaya, muka shiga na biyu, muka zo ƙarshensa.

Ban ji tafi ba.

Na waiga. Malama ta ɗaga hannuwa biyu, tsakaninsu bai fi taƙi ba, amma ta ƙi haɗa su. Shahodat kuwa ba ta tsaya ba. Ta ɗaga haɓa ta nufi kusurwa, kamar wadda ta san hanya.

Da na ɗage hannuna, da magana ta ƙare a nan. Na sani, a lokacin ma na sani. Amma shekara talatin ta fi ƙarfina. Hannun hagu ya juya shafi da kansa, na dama ya ci gaba. Takardar ta yi rawaya, ba a taɓa kaɗa ta a ƙasar nan ba, kuma yarinyar na gaba da ni, ni ke bin ta. Ta yi wasu juye-juye ƙanana, hannu a ƙasa, irin waɗanda aka bar yi tun kafin a haife ni. Sanyi ya sauko ɗakin har yatsuna suka ƙage. A cikin madubi ina ganin tururin numfashinta.

Da kiɗa ya ƙare ta durƙusa gaisuwa, ƙasa sosai, irin ta da. Ta miƙe ta dubi malama daga sama har ƙasa.

"Zoyeshka," ta ce, kamar mai kiran ƙaramar ɗaliba, "har yanzu kina zama a doro. Gyara."

Tsohuwa mai shekara kusan sittin ta miƙe zaune kamar 'yar aji ɗaya, hawaye na zuba. Sai a sannan ta tafa, tafi ɗaya, wanda ba shi da sauran amfani.

A daren farko da Shahodat ta yi rawar a dandali mutane sun tsaya da ƙafafunsu, jaridu suka yi ta yabo. Ni ban iya kallo ba. Ba ta ƙara kirana opa, wato yaya, ba, "mai kiɗa" take ce mini, cikin ladabi.

Bayan wata ɗaya Tursunoy ta hau jirgin ƙasa daga Margilan don ta ga 'yarta da ta yi suna. Ni na tarbo ta, na kawo ta ɗakin atisaye ana tashi. Tana hango ta ta saki ƙunshinta, ta buɗe hannuwa.

"Shahodat! 'Yar lelena!"

Shahodat ta tako a hankali, ta riƙe ta nesa da jikinta. Ta juya ta, ta danna yatsa biyu a tsakanin kafaɗunta, ta leƙa ƙafafunta.

"An makara da wannan," ta ce da ni da Rashanci, tana nuna uwar tata. "Da an kawo ta tana shekara tara, da wataƙila." Ta ɗauki gyalenta ta fita.

Tursunoy ba ta jin Rashanci. Ta daɗe tana kallon ƙofar, tana jin takun yana nisa a matakala. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta juyo gare ni, muryarta ƙasa ƙasa.

"Sanobar, ni yarinya na ba ki. Wannan tsohuwar fa, ta wace ce?"